Ƙatuwar kulɓar Cap-Vert: abin da yunwa ta rage, kasuwa ta ƙarasa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san kulɓa. Tana gindin danga, tana ƙarƙashin rumbu, tana bayan randa inda ƙasa ke da sanyi. Jikinta sumul yana ƙyalli kamar an shafa mata mai, da an matso kuwa sai ta sulale cikin kara. Ba ta da kwarjinin damo, ba ta kuma da rawar kan ƙadangare mai gyaɗa kai bisa katanga, shi ya sa ba kowa ke kula da ita ba. To amma can yamma, in an wuce Dakar aka shiga tekun Atlantika da kimanin kilomita 570, akwai wasu tsibirai inda danginta suka bar wani tarihi wanda ya haɗa yunwa da ƴan kaso, da sojan Napoleyon, da dillalan Turai. Tsibiran nan su ne ƙasar Cap-Vert, dangin kulɓar kuwa masana sun raɗa masu suna Chioninia. Iri bakwai ne kacal, kuma babu inda ake samunsu a doron ƙasa sai can. Shida suna nan da ransu. Ta bakwai, wadda ta fi su duka girma, rabon da wani ya gan ta da rai tun shekara ta 1912.

Sahel a tsakiyar ruwa

Sunan ƙasar yana da yaudara. Wanda ya ji "Cap-Vert" sai ya zaci kurmi ne kore shar, alhali kuwa an aro sunan ne daga tsinin ƙasar nan da birnin Dakar ke zaune bisansa. Tsibirai goma ne da wasu ƴan ƙanana, dukkansu duwatsu ne da aman wuta ya turo daga ƙarƙashin teku, ba su taɓa haɗuwa da gaɓar Afirka ba ko sau ɗaya. In aka duba taswira za a ga na arewacinsu suna layi guda da Agadas, na kudancin kuwa da Tawa. Damina gajeruwa ce, tsakanin watan Agusta da Oktoba, wata shekara ma sai ta ƙi zuwa sam. Hazon hunturu da ke rufe Damagaram da Maraɗi yana ƙetare teku har ya isa can, ya hana jiragen sama sauka. Ko Bature Charles Darwin, da jirginsa ya tsaya a tsibirin Santiago cikin Janairun 1832, sai da ya rubuta labarin ƙurar nan da ke zuba bisa jiragen ruwa. Ba banza ba ne Cap-Vert take zaune tare da Nijar cikin ƙungiyar CILSS ta yaƙi da fari a Sahel, wadda cibiyarta ta AGRHYMET ke Yamai.

Kafin Turawan Fotigal su iso wajen shekara ta 1460, babu ɗan Adam ko ɗaya a tsibiran. Babu mussa, babu kare, babu ɓera, babu akuya, babu maciji. Tsuntsaye ne kawai da jemagu da ƙwari, sai tsaka da kulɓa. Yadda kulɓa ta ƙetare wannan ruwa mai faɗi, abin da masana suka fi yarda da shi shi ne bisa kututture ko tarin ciyayi da ambaliya ta kwaso daga kogunan Afirka ta yamma ta zuba a teku, igiyar ruwa ta yi ta tura su har suka dafe bisa dutse. Dubbai za su halaka a hanya, amma cikin miliyoyin shekaru ya isa a ce ayari ɗaya ya tsira. Binciken ƙwayoyin gado, wato ADN, da Salvador Carranza da abokan aikinsa suka wallafa a 2001 ya nuna cewa dukkan kulɓar Cap-Vert tsatsonsu guda ne. Zuwa ɗaya aka yi, daga baya zuriyar ta bazu daga wannan tsibiri zuwa wancan, kowane reshe ya ɗauki kamanninsa.

A da masana sun cusa yawancinsu cikin babban gida guda mai suna Mabuya, tare da kulɓar Afirka da ta Asiya da ta Amurka. A 2002 aka raba gado: na Afirka, har da waɗanda ke yawo a gidajen Hausawa, yau ana kiransu Trachylepis, na Cap-Vert kuwa aka maido masu da tsohon suna Chioninia wanda Baturen Ingila John Edward Gray ya ƙirƙira tun 1845. Wani bincike da Aurélien Miralles da Raquel Vasconcelos da abokansu suka fitar a 2011 ya tsayar da lissafi bisa iri bakwai. Akwai delalandii, wadda ta cika gonaki da shingayen duwatsu na Santiago da Fogo da Brava. Akwai spinalis ta tsibiran gabas da na kudu. Stangeri tana São Vicente da ƴan tsibiran da ba kowa. Nicolauensis ba ta da gida sai São Nicolau. Akwai kuma wadda ake kira fogoensis, wato "ƴar Fogo", alhali kuwa ba a samunta a Fogo, a Santo Antão take. Kuskure ne na wanda ya rubuta takardar samfurin farko a ƙarni na 19, kuma tun da ƙa'idar masana ba ta yarda a canza suna don kawai ya saɓa wa gaskiya ba, kuskuren yana nan daram har gobe. Ma'aikacin da ya taɓa fama da takardar haihuwa mai gurguwar shekara ba zai yi mamaki ba. Ta shida ita ce vaillantii, mai ɗan girma, mai cin ganye. Ta bakwai ita ce coctei, wadda mutanen tsibiran ke kira lagarto.

Sarauniyar da ba ta san tsoro ba

Jikin lagarto, ban da wutsiya, yakan kai wajen santimita 30, in an haɗa da wutsiya kuwa ta zarce rabin mita, wato ta fi kamu guda. Kauri gare ta, da ƙaton kai, launinta toka-toka ko rawaya-rawaya mai ɗigo-ɗigo. Fatar idonta ta ƙasa tana da wata ƴar taga garai-garai, kamar sauran danginta, ta yadda ko ta rufe ido saboda ƙura tana gani. Abin da ya fi ɗaukar hankalin masana shi ne haƙoranta. Kulɓar gida haƙoranta ƴan tsinaye ne na kama ƙwari, amma na lagarto faffaɗa ne masu kawuna da dama, irin na dabbar da ke yankan ganye. Cimakarta ganye ne da iri na ƴan tsirran da ke fita tsakanin duwatsu. In fari ya ƙone su kuwa, sai ta koma ga abin da tsuntsayen teku suka bari, ƙwai da matattun ɗiya da guntayen kifi, tana fakewa cikin ramukansu.

Dalilin girman nata ba boyayye ba ne. A tsibiri busasshe ƙwari ba su da yawa, ganye ya fi samuwa, ganye kuwa ba ya narkewa sai cikin dogon hanji da babban ciki, saboda haka wadda ta fi girma ita ke daɗewa ta bar zuriya. Babban jiki kuma yana tara kitse wanda zai kai dabba ƙarshen shekarar fari. A gaɓar Afirka irin wannan nauyi da rashin sauri zai sa ta zama kalacin shaho ko dila tun ba ta yi wayo ba, amma a tsibirin da babu mai farauta ba wani abin gudu. Binciken 2001 ya gano wani abin al'ajabi game da haka: vaillantii ta kudu da coctei ta arewa ba daga reshe guda suka fito ba, kowace ta kama hanyar girma da cin ganye ita kaɗai. Wato sau biyu tsibiran suka yi wannan gwaji, sau biyu kuma aka sami amsa iri ɗaya.

Sai dai abin da tsibiri ya ba ta da hannun dama ya karɓe da na hagu. Dabbar da ta yi dubban zamunna ba ta ga maƙiyi ba takan manta da gudu. Hausawa na yi wa damo kirari da sarkin haƙuri, amma damo ya san rami, ya san bulalar wutsiya. Lagarto kuwa hannu kawai ake sawa a ɗauke ta. Ba ta kuma saurin yaɗuwa. Masu binciken Italiya, Franco Andreone da Fabio Guarino, sun yanka ƙasusuwan yatsun waɗanda ke ajiye a birnin Turin suka ƙirga zoben shekarun da ke ciki, kamar yadda ake ƙirga na itace, suka wallafa a 2003 cewa wasunsu sun haura shekara 12, har akwai mai 16. Dabba mai tsawon rai irin wannan a hankali take girma, a hankali take maye gurbin waɗanda suka mutu.

Ƙasusuwan da aka tono sun nuna cewa a da tana zaune a São Vicente da Santa Luzia. Da mutane suka shigo da awaki suka cinye tsirrai, mussoshi da karnuka da ɓeraye suka bazu, sai ta ƙare a waɗannan wurare ba tare da wani ya rubuta ranar ba. Aka bar ta a wasu duwatsu biyu da ba ruwan sha, ba mazauni: Branco, wani tsauni mai tsayin mita fiye da 300 wanda faɗinsa bai wuce murabba'in kilomita 3 ba, da Raso, shimfiɗaɗɗe, wanda mai ƙafa zai zagaye shi tsakanin asuba da azahar. Iyakar duniyarta ke nan sa'ad da masana suka fara jin labarinta.

Kayan ganima marar adireshi

Yadda Turai ta san ta ma labari ne. A shekarun 1780 gwamnatin Fotigal ta aiki wani masani haifaffen Brazil, João da Silva Feijó, ya ƙididdige albarkatun Cap-Vert. Cikin kayan da ya aika gidan ajiyar kayan kimiyya na Ajuda a Lizbon har da wannan kulɓa. Ta yi shekaru a can ba wanda ya waiwaye ta. A ƙarshen 1807 sojan Napoleyon ƙarƙashin Janar Junot suka mamaye Fotigal, a 1808 kuma masanin dabbobi Étienne Geoffroy Saint-Hilaire ya zo ya zaɓi abin da ya ga dama cikin gidan ajiyar ya kwashe zuwa Paris. Kulɓar ta bi ayarin ganima, amma bayanin inda aka kamo ta bai bi ta ba. Da Duméril da Bibron suka bayyana ta ga duniyar ilimi a 1839, suka sa mata sunan abokin aikinsu likita Jean-Théodore Cocteau wanda bai daɗe da rasuwa ba, iyakar abin da suka iya cewa shi ne wataƙila daga gaɓar Afirka ta fito.

Shekara 34 aka yi a haka, Turai na riƙe da suna da fata, ba ta san gida ba. Masuntan São Nicolau da Santo Antão kuwa sun san ta tun kaka da kakanni. Sukan sauka Branco da Raso su kama ta, su ci naman, su narka kitsen su shafa ga ciwon jiki, fatar kuma a yi takalma. Ba wanda ya tambaye su.

Cikin waɗannan shekaru ne ta gamu da babbar jarrabawa. Tarihin Cap-Vert tarihin yunwa ne: tsibirai ne da aka cika da bayi da zuriyarsu, aka dogara da masara wadda ba ta jure fari, mahukunta kuma suna Lizbon ba su damu ba. Farin 1830 zuwa 1833 ya kashe mutum wajen 30,000, wato fiye da sulusin jama'ar ƙasar a lokacin. A 1833, da hukuma ta rasa abin da za ta ciyar da wasu ƴan kaso, sai ta sa aka kwashe su a jirgi aka zube su bisa Branco, su nemi abin kai wa baka. Abin da suka tarar shi ne kifi, da tsuntsayen teku, da lagarto wadda ba ta gudu. Suka yi ta ci.

Littattafai da dama sukan tsaya nan su ɗora wa waɗannan bayin Allah laifin ƙarewarta. Wannan hukunci bai yi adalci ba. Mutanen ƙasar da kakanninsu suka ga Kakalaba a 1913 da 1914, suka jiƙa anza don cire ɗacinta, suka tona gidan tururuwa neman tsabar hatsi, sun san cewa mai jin yunwa ba ya tambayar abin da ya kama ko shi ne na ƙarshe a duniya. Bayan haka ma, lissafi bai goyi bayan zargin ba. Shekara 40 bayan ƴan kason, kulɓar tana nan a Branco. Shekara 50 bayansu tana nan. Yunwa ta rage ta ƙwarai, amma mayunwaci da ya ƙoshi, ko ya mutu, ko aka maida shi gida, yakan bar saura.

A 1873 ne shugaban gidan ajiyar dabbobi na Lizbon, José Vicente Barbosa du Bocage, bayan doguwar cigiya, ya sami masu rai daga Cap-Vert, ya shelanta wa duniya cewa ga gidan dabbar nan, ya kuma ware mata suna nata na kanta, Macroscincus, ma'ana ƙatuwar kulɓa. A fagen ilimi nasara ce. Ga kulɓar kuwa, ranar ce aka ba masu neman ta adireshi.

Zamanin ne kowane babban birnin Turai ke gina gidan ajiyar halittu, kowane kuma yana son ya mallaki abin da maƙwabcinsa ba shi da shi. Ga gidajen kallon namun daji, ga attajirai masu kiwon ƙadangaru cikin akwatunan gilashi don sha'awa. Jirgin binciken Faransa mai suna Talisman ya tsaya Branco a 1883 ya ɗiba. Masanin Turin, Mario Giacinto Peracca, ya sayi masu rai kimanin 40 a 1891, har wasu matan suka yi ƙwai a hannunsa. Leonardo Fea ya tara wa gidan ajiyar Jenowa nasa rabon a 1898. Yariman Monako, Albert na 1, ya zo da jirginsa a 1901. Waɗannan su ne waɗanda aka rubuta. A bayansu akwai dillalan dabbobi na Ingila da Jamus, a bayan dillalai kuma akwai masunta matalauta waɗanda suka gane cewa abin da a da ake gasawa a ci yanzu kuɗi ne.

Ɗan kasuwa ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a nan. In gyaɗa ko albasa ta yi tsada bana, baɗi kowa zai shuka, kasuwa ta cika, farashi ya sauko. Tsadar da kanta take kawo maganinta. Amma hajar da ba a shukawa, ba a ƙerawa, lissafinta a juye yake. Gwargwadon ƙarancinta gwargwadon tsadarta, gwargwadon tsadarta kuma gwargwadon naci wajen nemanta, har ya zamana ta ƙarshe ita ce mafi daraja duka. Mai saye yana gaggawa don kada ta ƙare bai samu ba, gaggawar tasa kuwa ita ke ƙarar da ita. Daɗin daɗawa, masu saye manya suke so, wato iyayen da ya kamata su hayayyafa. Duk waɗanda aka kai Turai da rai sun mutu ɗaya bayan ɗaya, ba inda aka kafa zuriya.

Ba za a ce kasuwa kaɗai ta yi aikin ba. Fari ya ci gaba da dawowa, masunta na zuwa da karnuka, ana kuma kwashe ɗiyan tsuntsayen teku dubbai-dubbai kowace shekara, abin da ya rage wa kulɓar abincin da take dogaro da shi in ganye ya ƙare. Amma fari da masunta sun yi ɗaruruwan shekaru tare da ita ba su ga bayanta ba. Sabon abin da ya shigo bayan 1873 shi ne mai saye daga waje, kuma daga wannan shekara zuwa ganin ƙarshe na 1912 shekara 39 ce kawai.

Cigiya bayan an rufe kasuwa

An daɗe ba a yarda ta ƙare ba. Yunwar shekarun 1940, wadda ta sake kashe dubban mutane a Cap-Vert, ba ta bar wa kowa sukunin neman kulɓa ba, sai bayan ƙasar ta sami ƴancin kanta ranar 5 ga Yuli 1975 aka koma cigiya da gaske. Bajamushe Hans-Hermann Schleich ya bi Branco da Raso daga 1979 yana leƙa ramuka, bai ga ko ɗaya ba. Shekara guda kafin haka, cikin Maris 1978, gobara ta cinye gidan ajiyar dabbobi na Lizbon wanda ke ɗauke da sunan Bocage, tare da tarin da ya bari. Yau wanda ke son ganin lagarto sai ya tafi Turin, inda tarin da ya fi kowanne yawa yake cikin kwalabe, ko Paris, ko Landan, ko Jenowa.

A 2005 zukata sun ɗan tashi, da wasu masu bincike suka ba da labarin cewa sun sami ƙashin muƙamuƙin wata ƙaramar lagarto cikin kashin mussa a Santa Luzia. Aka koma aka bincike tsibirin a shekarar da ta biyo, ba a ga komi ba. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, UICN, tana lissafa ta cikin waɗanda suka shuɗe. Ko sunan da Bocage ya ba ta bai tsira ba, domin ADN da aka ciro daga tsofaffin samfura ya tabbatar cewa ita ma Chioninia ce kamar sauran, girma kawai ta yi.

Dokar da ta mai da Santa Luzia da Branco da Raso wuraren da aka keɓe don kare halittu ta fito a 1990, shekara 78 bayan ganin ƙarshe. Ta makara ga lagarto, amma ba ta makara ga maƙwabtanta ba. A duwatsun nan biyu har yanzu akwai wata ƙatuwar tsaka, Tarentola gigas, wadda ba ta da wani gida a duniya. Akwai tsuntsun teku da ake kira cagarra, wanda masunta suka saba kwashe ɗiyansa. Tun ƙarshen shekarun 2000 wata ƙungiyar ƴan ƙasa mai suna Biosfera take kafa zango a Raso lokacin ƙyanƙyasa, tana tsaro tana kuma jawo masuntan cikin aikin, har kisan ya ja baya ƙwarai. Akwai kuma wata ƴar tsuntsuwa mai tukku da Faransawa ke kira alouette de Raso, wadda Baturen Ingila Boyd Alexander ya bayyana a 1898, shi ne kuwa mutumin da daga baya ya ratsa arewacin Nijeriya zuwa tafkin Cadi, aka kashe shi a ƙasar Cadi a 1910. Yawan tsuntsuwar nan yana bin ruwan sama sau da ƙafa: a shekarun fari na farkon 2000 ba su kai 100 ba, da damina ta yi kyau a jere suka haura 1,000. Don kada fari guda ya share su, daga 2018 aka fara ɗibar wasu ana kai su Santa Luzia, tare da aikin raba tsibirin da mussoshin da suka zama na daji, kuma sun yi sheƙa a can.

An ga irin wannan aiki ya ceci kulɓa a wani gefen Afirka. A tekun Indiya, kusa da ƙasar Moris, wata babbar kulɓa mai suna Leiolopisma telfairii ta ƙare ko'ina sai a wani ɗan tsibiri guda da ɓeraye ba su kai ba. Aka kawar da awaki daga wurin a 1979, zomaye a 1986, tsirrai suka farfaɗo, kulɓar ta yawaita har aka ɗibi wasu aka zuba a wasu tsibiran. Ba a bukaci wata babbar na'ura ba, hukuma ce ta yanke shawara tun da sauran abin ceto.

Cikin shidan da suka rage a Cap-Vert, wadda ta fi damun masana ita ce vaillantii, mai bin sawun lagarto wajen girma da cin ganye. UICN ta sa ta cikin masu fuskantar barazanar ƙarewa. Tana zaune a wurare ƴan kaɗan masu ɗan laima a Santiago da Fogo da ƴan tsibiran Rombos, daidai inda manomi ma yake so, inda kuma mussa da ɓera suka fi yawa. A Fogo ga dutsen da ya yi aman wuta a 1995, ya sake yi daga Nuwamban 2014 zuwa Fabrairun 2015.

Sabon baƙon da ya shigo kuwa mai karatu ya san shi farin sani. A 2009 Raquel Vasconcelos da abokan aikinta suka ba da rahoton farko na ganin ƙadangare, jan gwada ɗin nan na katangun Afirka ta yamma, kusa da tashar jiragen ruwa ta Porto Novo a Santo Antão; daga baya aka gan shi a São Vicente da Santiago. Ana kyautata zaton cikin kayan fatake ya ɓuya, katako da makamantansa, ya yi cikin ƴan kwanaki tafiyar da kakannin kulɓa suka yi bisa kututture. Ya fi yawancin kulɓar tsibiran girma da zafin nama, yana cin ƙwarin da suke ci, ba ya kuma ƙin haɗiye ƙananan ƴan uwansa in ya samu. Inda aka fi ganinsa shi ne kewayen tashoshi da ɗakunan ajiyar kaya, wuraren da jirage daga gaɓar Afirka ke sauke lodi.